Jirgin Kawu Basarke Da Ruwan Da Na Ɗura Masa

Kawu Mamman Basarke, Allah Ya jiƙansa, ba ya yarda da jirgin ruwa sai ya ɗanɗana shi. Ku da kuka zauna da shi a nan Doha kun san ba sharri nake masa ba. Da ya hau jirgi, ko gaisuwa bai gama ba, zai durƙusa ya ɗaga murfin ƙasa, ya tsoma yatsa cikin ruwan nan da ke kwanciya a gindin jirgi, baƙi mai warin fetur, ya kai baki. Sai ya lumshe ido yana motsa harshe kamar uwargida na gwada gishirin miya. In ya ce "ruwan famfo ne," mai jirgi ya yi ajiyar zuciya. In ya tofar ya ce "teku ce," to ciniki ya mutu, don jirgin yana yoyo ke nan ta inda ido bai gani ba.

An ce in rubuta wani abu a kansa tunda na fi kowa zama da shi. Kwana tara na yi ina juya maganar. Ni karatuna bai wuce firamare ba, aikina gadi ne a wani dogon bene a West Bay, kuma ina tsoron in yi magana a kan mamaci in ƙara ko in rage. Inda na manta zan ce na manta. Amma akwai abin da ban manta ba, gara in faɗe shi tun yanzu. Kawu yana da buri guda a garin nan: ya ɗora mu a jirginsa ya kai mu teku, ko da sau ɗaya, kafin a sallame shi ya koma Yawuri. Bai samu ba. Kuma da hannuna a ciki.

Ga waɗanda suka zo daga baya, Kawu ɗan masunta ne, a cikin kwalekwale ya yi rarrafe. Ya fi shekara ashirin yana kula da babban jirgin shaƙatawa na kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, wani dattijon Balarabe mai gida a Thumama. Dattijon nan yana da wani tsohon ƙaramin jirgi na faiba, mai ɗaukar mutum bakwai, da aka yasar a kan tirela a bayan gida har mage ta haihu a ciki. Wata rana ya ce wa Kawu, "In ka tashe shi, ka hau." Takardu suna sunan maigida, wahala kuwa ta zama ta Kawu. Da mu.

A shekarar korona Turawa da yawa aikinsu ya ƙare, suna ta sayar da kaya suna tafiya, har da jiragensu. Sai Dokta Nafi'u, wanda ya zo karatun bincike, ya ga hoton wani farin jirgi a waya, ya ce shi fa ransa ya biya. Ya nemi Kawu ya raka shi. Ni ma na bi su, ba don na san komai ba, sai don in tabbatar kowa ya sa takunkumi.

Baturen da ke da jirgin ya ce mu zo ƙarfe tara. Ƙarfe bakwai Kawu ya tsayar da mu a bakin ruwa.

Dokta ya ce, "Haba Kawu, ai wannan rashin ta ido ne."

Kawu ya ce, "Dokta, karatunka na takarda ne. In mai jirgi ya ce ka zo tara, takwas zai zo ya tada inji ya yi ɗumi, kai kuma ka zo ka murɗa sau ɗaya ya kama, ka ce ka yi tsintuwa. Ni injin da ya kwana nake son gani. Ko mutum ai da asuba ake sanin lafiyarsa."

Ƙarfe takwas saura sai ga Bature da makulli a hannu. Da ya gan mu sai da ya ja da baya. Kawu ya riga shi ɗora tafin hannu a kan injin, ya ji sanyi ƙalau, ya ce bismillah, a tayar. Sau shida aka murɗa, a na bakwai ya kama da tari da hayaƙi kamar mai fuka.

Dokta dai idonsa na kan fenti, yana shafawa yana cewa dubi sheƙi. Kawu ya ce, "Fenti kwalliyar amarya ce, ba ita ake zama da ita ba." Ya zaro cokalin shayinsa daga aljihu, wanda yake ci da shi yake sha da shi, ya bi daɓen jirgin yana ƙwanƙwasawa. Inda ya ce ƙas-ƙas, ya wuce. Inda ya ce dum-dum, ya tsaya ya dubi Dokta, ya ce nan ruwa ya shiga ciki ya ruɓar da katako. Ya je baya inda aka rataye inji ya danna da ƙarfinsa, sai muka ga bangon yana lanƙwasa. Ya ce a ba shi takarda, ya sa Dokta ya karanta lambar da ke jiki ya gwada da wadda aka buga a jikin jirgin, harafi bayan harafi. Wannan kam ta yi daidai, kada in zalunci Baturen.

Sannan ya durƙusa ya ɗaga murfin ƙasa. Na san abin da zai biyo baya. Na ce, "Kawu, don girman Allah, annoba ake yi!" Ya sauke takunkumi zuwa haɓa, ya tsoma yatsa, ya lasa, ya mayar da takunkuminsa tsaf, wai shi mai bin doka. Ya ce, "Teku ce."

Bature ya yi ta magana yana nuna sama. Dokta ya ce wai yana cewa ruwan sama ne ya taru.

Kawu ya ɗaga kai ya dubi sama. Tsakiyar zafi ne, ko girgije na magani babu. Ya ce, "Tambaye shi, a garinsu da gishiri ake yin ruwan saman, ko sai ya sauko ake zubawa?"

Na fesa masa sanitaiza a hannu, na rasa yadda zan fesa a harshe. Kwana goma sha huɗu ina buga masa waya safe da yamma ina tambaya ko yana jin ƙamshin abinci. Ya ce, "Ɗan nan, cutar da za ta zauna a gindin jirgin wancan Baturen ai sai ta fi ni taurin rai."

Jirgi shida suka duba da Dokta, ko bakwai, ban riƙe ba. Wani man giyar injinsa ya fito fari kamar kunu, Kawu ya ce ruwa ya shiga. Wani mai shi ya ce ba sai an gwada a teku ba, Kawu ya ce to ya riƙe abinsa, ba a sayen doki a turke. Daga ƙarshe Dokta ya gaji ya sayi keke. Shi ma sai da Kawu ya ƙwanƙwasa shi da cokali, ya ce, "Saya, Dokta. Wannan ko ya lalace, da ƙafa za ka dawo gida."

Kun yi ta dariyar wannan labari a lokacin. Ni ma na yi, amma kaɗan, don ina tunanin ranar da za a ce ni ma in hau ruwa. Ni mutumin Funtuwa ne, ruwan da na sani shi ne na randa.

Nasa jirgin kuwa, kowace Juma'a bayan masallaci muna can bayan gidan a Thumama, ni da shi da Razaku, direban nan ɗan Zangon Kumasi mai a-kori-kura. Kawu ya ce gishiri shi ne babban maƙiyin inji, dole bayan kowace fita a ɗura masa ruwa mai daɗi a bar shi yana aiki har ya wanke cikinsa. Nasa bai taɓa fita ba, amma duk mako sai an yi masa wankan. Kuma ba da ruwan famfon maigida ba, wai amana ce. Jarkoki ya jera a ƙarƙashin kowace na'urar sanyaya ɗaki a layin, ruwan da ke ɗiga yana tarawa. Ya san wace ce mai yawan ɗiga, ya san wace ce marowaciya. Rannan Razaku ya ɗebi kofi ɗaya zai wanke fuska.

Kawu ya daka tsawa, "Kai! Ajiye! Na inji ne."

Razaku ya ce, "Chale, Baba, kofi ɗaya fa! Ni ban kai inji daraja ba?"

"Fuskarka ta yi tsatsa ta gama, ba abin da ruwa zai yi mata."

Rumfar da ya yi wa jirgin, don rana a nan tana cin kujera da waya kamar gara, da tsofaffin tutocin talla ya ɗinka ta. Batir kuwa a ɗakinsa yake kwana, a kan katako, kusa da filonsa. Abu ɗaya ne ba ya yi wa ƙwauro. Akwai wani ɗan guntun ƙarfe fari-fari da ake ɗaurawa a ƙafar inji kusa da farfela, shi gishiri yake ci ya ƙyale injin. Kawu ya sa masa suna ƙarfen sadaka. Ya ce duk wanda ya sayi tsohon jirgi ya fara duba shi, in ya zaizaye ya canza, kuma kada a kuskura a shafa masa fenti. Ya ce, "Wanda bai ba gishiri sadaka ba, da kansa zai shigo ya ɗauki zakka."

To, a nan laifina ya fara. Ni Allah Ya yi ni da tunanin abin da bai faru ba. A wurin aiki sau uku nake komawa in taɓa ƙofar da na kulle da hannuna. Duk ranar da Kawu ya share hannu ya ce, "Mako mai zuwa sai teku," sai in ji bakina ya ce, "Kawu, idan fa igiyar sitiyari ta tsinke muna tsakiya?" Sai ya dube ni, ya ɗauko sifana. Mako uku sun tafi. "Idan fa man da ke tanki ya kwana biyu ya lalace?" Ya ce gaskiya ne, fetur ba ya son ajiya, ya zuƙe tankin kaf ya wanke. "Idan fa tayar tirela ta tsage a hanya?" Ya kwance ƙafafun ya cika su da giris. Har ya daina kirana Isuhu, sai Idan-Fa. Kun ji shi a masallaci yana ƙwala mini: "Idan-Fa, matso sahu, rufin ba zai faɗo ba!"

Abin da ya sa ban daina ba, ba ya jin haushi. Cewa yake tsorona ya fi makanike amfani. Razaku ne kawai yake gane halin da muke ciki. Ya ce, "Massa, ku biyun nan Allah ne Ya haɗa ku. Wannan jirgi ba zai je wurin ruwa ba, sai dai ruwa ya biyo shi gida." Muka yi dariya. Ashe bakin waliyyi gare shi.

Ana saura 'yan makonni a fara gasar kofin duniya, ɗan maigida ya gaya wa Kawu cewa shekarunsa sun ja, in an gama gasar ba za a sabunta masa iƙama ba, wato takardar izinin zama. Kawu ya tara mu. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Juma'ar nan za mu shiga. Razaku, ka nemi izinin mota. Idan-Fa, na samo maka rigar ceto guda biyu, ka sa ɗaya ka rungume ɗaya." Ya kira Dokta, ya kira sauran, kowa ya san kujerarsa. Har ya sayo garin shayi da madarar gwangwani, wai a tsakiyar teku za a dafa karak.

Ranar Alhamis na musanya aiki da wani na je taya shi share-share. Na rantse a raina ba zan ce komai ba. Na ciji leɓe har la'asar ta kusa. Sai na ji na ce, "Kawu, idan fa akwai huda a ƙasa da ba mu gani ba? Ai bai taɓa ruwa ba tun da mage ta haihu."

Ya ajiye tsumma. Ya ce, "A Yawuri in muna shakkar kwalekwale, ruwa muke zuba masa a ciki mu duba ƙasa. In ya ɗiga, mun ga wurin." Ya shiga ya roƙi maigida izinin famfo, karo na farko ke nan. Ya toshe magudanar baya, ya jefa tiyo a ciki, ya auna da hannunsa ya ja layi da alli. Ya ce, "Taki ɗaya. Da ya taɓa layin nan ka kashe. Ka ji?" Na ce na ji. Daidai nan aka aiko a kira shi, wai ya je kasuwar Abu Hamour ya sayo kayan miya, an yi baƙi.

Ruwa ya taɓa layi. Na kashe, wallahi na kashe. Na kwanta a ƙasa na leƙa, ko ɗigo babu. Na ji daɗi kamar minti biyu. Sai tunani ya zo mini: a teku ai da mutum bakwai ne a ciki, har da Razaku da tumbinsa, jirgi zai nutsa fiye da taki ɗaya. Idan fa hudar tana sama kaɗan? Na ƙara taki. Babu ɗigo. Idan fa igiyar ruwa ta doko gefe? Na ƙara. Ni ban san ruwa yana da nauyi haka ba, jama'a, a bokiti na san shi. Ya shanye ƙafafun kujeru, ya hau kansu. Ina kwance a ƙasa ina leƙe sai na ji tirela ta yi wani nishi kamar tsohuwar saniya. Allah Ya taimake ni na mirgino waje. Kafin in kai famfo, taya ɗaya ta fashe, ta biyun ta bi ta, ƙarfen da ke riƙe da su ya lanƙwashe, jirgi ya zauna daɓas a ƙasa ya karkace, ruwa ya kwararo har bakin titi.

Kawu ya dawo da ledar tumatir a hannu. Ya tsaya. Ya dubi jirgi, ya dubi titi, ya dube ni jiƙe sharkaf ina rawar ɗari. Na so ya zage ni. Na so ya ɗauki tiyon ya zabga mini. Ya zagaya jirgin sau ɗaya a hankali, ya durƙusa ya leƙa ƙasa ya daɗe. Sannan ya miƙe ya ce, "To, alhamdu lillahi. Ba ya yoyo."

Razaku da ya ji labari sai da ya faka mota gefen hanya don dariya. Ni ban yi ba, har yau ban yi ba. Ruwan ya shiga tankin mai, ya shiga wayoyi, tirela kuwa sai dai mai walda. Aka fara gasa. Unguwar ga filin wasa a kusa, ranar wasa ba a shiga da babbar mota yadda aka saba. Razaku yana jigilar baƙi ba hutu, ni an ninka mini awannin gadi, mai waldan ya ce sai an watse. Gari ya cika da tutoci da kaɗe-kaɗe, kowa yana murna, Kawu yana bayan gida shi kaɗai yana busar da wayoyi ɗaya bayan ɗaya. In na kira shi in ba da haƙuri sai ya ce, "Ana gamawa za mu shiga, ko da kwana ɗaya ya rage mini."

Bayan an gama gasar da 'yan kwanaki ya yanke jiki ya faɗi a gefen jirgin. Hawan jini, in ji likita. Na same shi a asibiti, bakinsa ya ɗan karkace amma ana jin maganarsa. Na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya ce, "Taki ɗaya na ce."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Amma ni na ba kura ajiyar nama. Na san halinka na miƙa maka tiyo." Ya huta, sannan ya ce, "Duk abin da na koya muku, akwai guda da na ɓoye, don ni ma ban bi shi ba. Gishiri yana cin jirgi, rana tana ci, amma zama ya fi su. In ya tashi, ya tsaya a kan ruwa, to a hau. Sauran gyaran a yi shi bayan an dawo. Kai kana tambaya, ni kuma ina jin daɗi, don muddin ina gyara ban gama da garin nan ba."

Kwana uku bayan nan aka kira ni. A nan muka rufe shi. Yawuri bai koma ba.

Bayan wata biyu ɗan maigida ya sayar da jirgin ga wani matashin injiniya, sabon zuwa, ban san ma ɗan wace ƙasa ba ne. Aka kira ni tunda na san tarihinsa. Na ga ba zan ci amanar mai saye ba, na tsaya na lissafa masa komai da guntun Larabcina, tun daga mage har ruwan da na ɗura. Yana ta gyaɗa kai yana danna waya. Da na gama, tambaya ɗaya ya yi: ina za a sa lasifikar kiɗa? Ya yi hayar tirela, ya kawo makanike ya yi kwana biyu a kai. Ranar Juma'a ya kira ni ya ce, "Yalla, zo mu je, akwai wuri."

Na ce masa ina da aiki. Ba ni da aiki ranar. Na zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa har aka kira la'asar.

Da yamma ya turo mini bidiyo. Jirgin Kawu ne yana tsaga ruwa, dogayen benayen West Bay a bayansa, injin yana kuka lafiya lau. Mutum biyar a ciki, ban san ko ɗaya ba, kuma ba wanda ya sa rigar ceto, wannan ma ya tsaya mini a rai. Na so in nuna wa wani. Razaku kwangilarsa ta ƙare da gasar, yana Kumasi. Dokta ya gama karatu ya tafi. Sauran ma an watse. Na kalla ni kaɗai, sau nawa ban ƙirga ba.

Ya Allah, ga bawanKa Mamman, baƙo ne a ƙasar da ya kwanta. Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka ƙetarar da shi lafiya zuwa inda babu jira. Ya ce ya yafe mini, Ya Rabbi, Ka sa ya faɗa har zuci. Ku da kuka karanta, ku yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Amin.